Motsa Jiki da Jijiyoyin Jinin Ƙwaƙwalwa a Cutar MS

Cutar maltiful siklerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS, cuta ce da garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa miyelin, wato rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa da laka. Duk inda rigar ta ɗaye, saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke, wurin kuma ya yi tabo. Ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun fi maza yawa. Motsa jikin da ake nufi a nan shi ne irin mai sa haki da bugun zuciya na tsawon lokaci, kamar tafiya da sauri, tuƙa keke da iyo.

Tarihi

Tun kafin cutar ta samu suna aka ga hannun jijiyoyin jini a cikinta. A 1863 masanin cututtuka Bajamushe Eduard Rindfleisch ya duba tabon da madubin ƙara girma, ya tarar da ɗan jan ɗigo a tsakiyar kowanne, wato jijiyar jini da ta cika ta kumbura. Bayan shekara biyar Jean-Martin Charcot ya fayyace cutar a asibitin Salpêtrière na birnin Faris. A 1916 James Dawson na Edinbura ya zana yadda tabon ke bin ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini, yana miƙewa kamar yatsun hannu, kuma har yau masu karanta hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, na kiran wannan siffa yatsun Dawson. Wajejen shekarun 1930 Tracy Putnam a Amurka ya ɗora laifin a kan daskarewar jini, har ya gwada magungunan tsinka jini, amma ra'ayin bai yi ƙarko ba.

Shi kuwa motsa jiki, an daɗe ana hana masu cutar yin sa. A 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin wasu marasa lafiya yana dushewa idan sun yi aikin ƙarfi. Daga baya aka gane zafin jiki ne sanadi, domin jijiyar da ta rasa miyelin ba ta jure ɗumi, kuma alamun kan lafa da zarar jiki ya huce. Duk da haka shekaru da dama shawarar likita ita ce a kwanta a huta. Abin ya fara sauyawa a 1996, lokacin da Jack Petajan da abokan aikinsa a Jami'ar Utah suka sa marasa lafiya tuƙa keken motsa jiki na minti 40, sau 3 a mako, har mako 15. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, cutar kuma ba ta tsananta ba.

Halin jijiyoyin a cikin cutar

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jininta sun manne da juna gam, sun zama shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. A cutar MS fararen ƙwayoyin jini kan tsallake wannan shinge su haddasa kumburi. Hotunan ƙwaƙwalwa sun kuma nuna raguwar gudun jini har a sassan da babu tabo, tare da raunin buɗewar jijiyoyin idan an buƙaci ƙarin jini.

Tasirin motsa jiki

Idan bugun zuciya ya ƙaru, jini yakan goga bangon jijiya da ƙarfi, bangon kuma ya saki sinadarin naitirik oksayid da ke sassauta jijiyar ta buɗe. Maimaita haka mako bayan mako yana rage taurin jijiyoyi da hawan jini. A cikin ɓeraye, wani bincike na 1990 ya nuna gudu a kan wili yana ƙara yawan siraran jijiyoyin jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Hawan jini, ciwon suga da yawan kitse a jini kuwa suna gaggauta naƙasa ga masu MS, saboda haka duk abin da ya rage su riba ce.

Gwaje-gwajen da suka auna gudun jinin ƙwaƙwalwa kai tsaye a jikin masu MS ƙanana ne, sakamakonsu kuma ya sha bamban. Hujja ta fi ƙarfi a kan raguwar gajiya, ingancin tafiya da kwanciyar rai.

Taƙaddama

A 2009 Paolo Zamboni na Italiya ya danganta cutar da tsukewar jijiyoyin jini na wuya. Gwajin buɗe su da balan-balan bai nuna amfani ba.

Shawarar masana

Ƙa'idar da aka fitar a Kanada a 2013 ta ce masu MS da naƙasarsu ƙarama ce ko matsakaiciya su yi motsa jiki mai sa haki na aƙalla minti 30 sau 2 a mako, haɗe da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Masu jin zafi kan yi shi a wuri mai sanyi ko cikin ruwa.