Gashi mai bushewa da fuska mai ƙuraje: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Kullum ina lafta wa gashina mai, amma washegari sai ya bushe ya yi buzu-buzu. Mene ne matsalar?

Mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne yake shiga cikin silin gashi ya tausasa shi, aikin mai kuwa shi ne ya rufe ruwan kada ya tsere da wuri. Wadda ta shafa man kaɗanya a busasshen gashi ta rufe bushewar ne kawai, sannan ƙura ta bi man ta manne.

Kowane sili yana lulluɓe da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na jikin kifi. In suna kwance, gashi ya yi santsi da sheƙi. In sabulu mai kaifi ko zafin ƙarfe ko rilaksa ya ɗaga su, ruwa ya riƙa shiga da fita yadda ya ga dama, silin nan ya kama wancan, gashi ya cukurkuɗe. Irin gashinmu mai murɗewa ya fi saurin shiga wannan hali, domin maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar silin ya kai ƙarshensa. Ga hunturu kuma: daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Ki raba gashin gida huɗu ko shida. Ki zuba ruwa rabin kofi da kwandishana cokali ɗaya a kwalbar fesawa, ki girgiza, ki fesa wa kashi ɗaya har ya yi danshi amma ba ya ɗiga. Ki ɗebi man kaɗanya gwargwadon ƙwayar gyaɗa biyu, ki murza a tafin hannu ya narke, ki bi gashin daga tsakiya zuwa baki, don bakin shi ne mafi tsufa kuma mafi rauni. Ki kama shi da kalaba kafin ki wuce na gaba. A hunturu bayan kowane kwana biyu ko uku, da damina sau ɗaya a mako ya isa. Ruwan haɗin kada ya wuce kwana uku a kwalba, yana lalacewa.

Sau nawa zan wanke, kuma da me? Sabulun salo da karkashi fa?

Sau ɗaya a mako, ko bayan kwana goma ga mai kitso. Shamfu na fatar kai ne: ki cuɗa da tsokar yatsu, ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Bayan ɗauraya ki shafa kwandishana, ki bar shi minti biyar zuwa goma.

Sabulun salo yana wanke datti sosai, sai dai da toka ake yin sa, yana da kaifin da ke buɗe ɓawon gashi. In za ki yi amfani da shi, ki narkar da ɗan kaɗan a ruwa, kada ki goga dunƙulen a kai, kuma lallai kwandishana ya biyo baya. Garin sabulun wanki da kanwa kuwa ba su da hurumi a kan mutum.

Karkashi ya cancanci yabon da ake yi masa. Yauƙinsa yana sa sili ya zame daga jikin ɗan'uwansa, tsifa ta zo da sauƙi. Garin busasshen ganyen cokali biyu a ruwan ɗumi kofi biyu, a bar shi minti ashirin ya saki yauƙi, a tace da ƙyalle mai laushi. Kada a tsallake tacewar, in ba haka ba za ki kwana biyu kina kakkaɓe gari daga kanki. Amma ba ya fitar da mai mai nauyi irin basilin, wannan sai shamfu.

Inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake da zartsi, sabulu ba ya kumfa, gashi yakan yi ƙarfi bayan wanki. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan khal cokali biyu a rabin lita na ruwa tana rage wannan. Sannan a bar kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi. Jiƙaƙƙen kitso a rufe shi ne tushen warin kai da ƙaiƙayi a wurin mata da yawa.

Gashina yana cika mataji. Zubewa yake ko karyewa?

Ki ɗauki sili ɗaya ki duba. In dogo ne, da ɗan farin ƙullutu a gindinsa, zubewa ce, kuma sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta yi mako uku da kitso, ranar tsifa za ta ga na mako ukun gaba ɗaya. In gajeru ne birjik a kafaɗa da tabarma, babu ƙullutu, karyewa ce, kuma yawanci daga tajewa a bushe take zuwa. A taje da danshi da kwandishana, a fara da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki a hauro gindi. Da dare a sa hular satin ko siliki, domin ɗankwalin atamfa yana shanye danshi yana kuma gogar gashi.

Zubewa mai yawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa abu ne sananne, yakan daidaita kafin yaro ya shekara. In ta haɗu da kasala da jiri, a auna jini.

Gaban goshina yana ja baya. Wane mai zai dawo da shi?

Kafin a yi maganar mai, a yi maganar makitsiya. Kitson da ya hana ki barci, ko ya ɗaga girarki, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a layin goshi, cire gashi yake daga saiwarsa. Ki ce mata ta sassauta hannu ta bar ƙananan gashin gaba, in ta ƙi ki canza makitsiya. Ƙarin gashi mai nauyi da ɗaurin ribom a wuri ɗaya kullum duk haka suke yi. Kitso kada ya wuce mako huɗu zuwa shida, a huta mako ɗaya kafin wani, a riƙa sauya salo. In an daina jan da wuri, gashin yana dawowa cikin watanni. In wurin ya yi sumul yana ƙyalli, saiwar ta mutu, babu man da zai tashe ta. Shi ya sa yara mata ƙanana suka fi buƙatar a tausaya musu wajen kitson sallah.

Da gaske chebe yana sa gashi tsawo?

Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, da chebe ko babu. Matan Cadi da aka san su da shi suna kwaɓa garin da mai, su shafa a jikin gashi mai danshi, su kitse, su bar shi kwanaki ba a taɓa ba. Gashin da ba a taje shi kullum, kuma ba ya rabuwa da maiƙo, ba ya karyewa, sai tsawon da ya yi ya zauna. Amfaninsa ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. A jikin gashi ake sa shi, ba a fatar kai ba, don yana toshewa yana jawo ƙaiƙayi.

Rilaksa fa, da amosani?

Rilaksa tana karya ginin cikin gashi ne don ya miƙe, kuma abin da ta karya ba ya komawa. Tsakanin shafawa da shafawa a bar mako takwas zuwa goma sha biyu, a sa wa sabon tsiro kaɗai, a kiyaye mintunan da aka rubuta a jikin roba. Jin zafi ba alamar tana kamawa ba ce, ƙuna ce. A wanke da shamfun da ke kashe kaifinta, kuma kada a haɗa ta da dayis rana ɗaya.

Amosani ba bushewar kai ba ne, wata ƙwayar cuta ce irin naman gwari da ke rayuwa a kan maiƙo, don haka ƙara mai a fatar kai ƙara mata abinci ne. Shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako har mako huɗu, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye. Makero a kan yara daban ne: shafe-shafe ba sa kai wa saiwar gashi, sai maganin sha na makonni daga asibiti, kuma a ware wa yaron matajinsa da hularsa.

Fuskata maiƙo da ƙuraje. Ina wankewa sau biyar a rana amma ƙaruwa suke.

Wankin ya yi yawa. Sabulu sau biyu ya isa, safe da dare, ruwan alwala ba ya buƙatar a biyo shi da sabulu. Ƙurji yana farawa ne in maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, ba don datti ba, kuma dirza da soso yana ƙara kumburi ne.

Da safe: wanki da sabulu marar kaifi, a shafa maganin ƙuraje benzoyl peroxide mai ƙarfin 2.5 ko 5 cikin 100 siriri a duk inda ƙurajen ke fitowa, sai man fuska marar nauyi. A sani yana kashe launin tufa, a yi hattara da hijabi da rigar matashi. Da dare: maganin shafawa adapalene mai ƙarfin 0.1 cikin 100, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, a kan busasshiyar fata, dare ɗaya a tsallake ɗaya na mako biyun farko. Ɗan saɓa da yaji a farko ba abin tsoro ba ne. Inda mutane suke faɗuwa shi ne gaggawa: sai mako takwas zuwa goma sha biyu ake ganin sakamako, su kuwa mako biyu sun jefar sun sayi wani. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da adapalene.

In ƙurajen sun taru a goshi da gefen kunne, a zargi man gashi. Man kwakwa ma yana toshe fuskar mutane da yawa. In kuma a haɓa da muƙamuƙi suke, ga al'ada ba ta zuwa daidai, ga gashi yana tsiro a haɓa, wannan na likitan mata ne, ba na mai shagon kayan shafa ba. Manyan ƙuraje masu zurfi da ciwo su ma asibiti, kafin su bar rami.

Ƙurajen sun tafi sun bar baƙin tabo. An ba ni wani haɗin mai, cikin mako ɗaya na yi haske. In ci gaba?

A'a. Man da ya haska fata cikin mako ɗaya, da wuya a rasa steroid a cikinsa, wato maganin kwantar da kumburin fata mai ƙarfi, irin su clobetasol ko betamethasone, wani lokaci da sinadaran bilicin, hydroquinone mai yawa ko mercury. Mayukan tub masu haɗi uku da ake saya a kemis a matse cikin man shafawa, na ciwon fata ne na 'yan kwanaki. In aka mai da su man kullum, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa mai faɗi ta fito a hannu da cinya, ƙyasbi ya samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Hydroquinone na dogon lokaci yana barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu wanda yake da wuyar fita, mercury kuma ƙoda yake taɓawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuska za ta yi ja ta feso da ƙuraje, a ga likitan fata ya tsara yadda za a rage a hankali. Yara kuwa, ko kusa.

Shi tabon yana dusashewa da kansa cikin wata shida zuwa shekara in an cika sharaɗi biyu: a daina matsa ƙurji, a kare fuska daga rana. Man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, tsawon yatsa biyu ga fuska da wuya, kowace safiya. Baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, amma rana tana ƙara wa tabo duhu. Niacinamide ko azelaic acid suna taimakawa ba tare da sauya launin mutum ba.

Lemon tsami, man goge baki, kurkum, dilka: wanne ne lafiya?

Lemon tsami da man goge baki da bakar hoda da tafarnuwa suna ƙona fata, kuma lemon tsami in ya haɗu da rana yana barin tabon da ya fi na farko. Kurkum rabin ƙaramin cokali a zuma ko kindirmo cokali ɗaya, minti goma, sau ɗaya a mako, ba ya cutar da yawancin mutane, ba kuma zai kawar da ƙuraje ba. Dilka ta jiki ce, ba ta fuska mai ƙurji ba. Abin da ya kamata amare su sani: masu gyaran jiki da yawa suna zuba man bilicin a cikin haɗin, a tambaya. Baƙin lalle da aka haɗa da dayis yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa daidai zanen. Duk sabon abu a gwada shi a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira kwana biyu.

Ni namiji ne, duk aski sai wuyana da ƙeyata su feso.

Gashin ne yake lanƙwasowa ya soki fata bayan an yanke shi ƙasa da yawa. Ka ce wa mai aski ya bar ɗan tsawo, kamar milimita ɗaya, da kilifa maimakon reza. In reza ce dole, ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ka bi kwanciyar gashi, kada ka ja fatar, kada ka maimaita wuri ɗaya. Hutun wata guda ba aski yakan kwantar da su. Ƙurajen ƙeya masu tauri da suke haɗewa, a kai su asibiti da wuri. Mallakar kilifarka ya fi.

Kaushi da faso a hunturu?

Ruwan wanka mai tururi yana kwashe maiƙon fata, a yi da mai ɗumi, a taƙaita. A shafa mai cikin minti uku da fitowa, jiki da sauran danshi. Ga diddige: a jiƙa minti goma a ruwan ɗumi, a goge da dutse a hankali, a shafa man da ke da urea kashi 10 zuwa 25, a bi da basilin, a sa safa a kwana. Kada a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga ba ya jiƙa ƙafa ko gogarta da dutse sai da shawarar likita, kuma fason da ya fara jini ko ruwa a ƙafarsa na asibiti ne a ranar.