Waiwaye: Shekarar da ta raba labarin Oz gida biyu

Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da fim ɗin Wicked ya shiga gidajen sinima ya tara sama da dala miliyan 700, muhawara kan labarin ƙasar Oz ba ta lafa ba a Amurka. Kashi na biyu ya biyo baya a Nuwamban 2025, kuma kafin nan, a watan Agusta, wani katafaren gidan kallo da ke Las Vegas ya soma nuna tsohon fim ɗin The Wizard of Oz na 1939 bayan an faɗaɗa hotunansa da ƙirƙirarriyar basira, an kuma rage kusan rabin awa daga tsawonsa. Masu suka suna cewa masana'antar fim ta rasa sabon labari, shi ya sa take ta tatsar saniya ɗaya, wasu kuma suna ganin taɓa tsohon fim ɗin tamkar cin amanar waɗanda suka yi shi ne. Ana maganar kamar jiya abin ya soma, alhali ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ya kusa shekara saba'in.

Farkon labarin sananne ne. L. Frank Baum ya fitar da littafinsa a Shikago a 1900, labarin wata yarinya mai suna Dorothy da guguwa ta ɗauke daga Kansas ta jefa ta wata ƙasa ta mayu da matsafa, inda ta haɗu da mutum-mutumin gona da mutumin gwangwani da zaki matsoraci. Cikin shekara biyu an mayar da shi wasan daɓe mai waƙe-waƙe, an yi finafinai marasa magana a 1910 da 1925, shi kansa Baum ya rubuta littattafan Oz goma sha huɗu kafin ya mutu a 1919, wasu marubuta suka ɗora har jerin ya kai arba'in. A Tarayyar Sobiyet ma, Alexander Volkov ya sake rubuta labarin da Rashanci a 1939, ya sauya wa yarinyar suna zuwa Ellie. Ke nan fim ɗin da kamfanin MGM ya fitar a Agustan 1939, wanda Judy Garland ta fito a cikinsa a matsayin Dorothy, shi ma maimai ne a kan maimai. Ya ci kusan dala miliyan 2.8, ya samu lambobin Oscar biyu saboda kiɗansa da waƙarsa, amma bai mayar da kuɗinsa ba sai da aka sake fitar da shi a 1949.

Akwai abubuwa uku da fim ɗin ya ƙirƙiro waɗanda babu su a littafi, kuma dole a riƙe su a zuciya kafin a fahimci abin da ya biyo baya. Takalman Dorothy na azurfa ne a wurin Baum, masu fim suka mayar da su ja irin na yaƙutu domin su haska a sabuwar fasahar hoto mai kala. Muguwar mayyar yamma ido ɗaya gare ta a littafi, ba a ce fatarta kore ce ba, koren daga kwalliyar da aka yi wa Margaret Hamilton, wadda ta fito a matsayin mayyar a fim, ya fito. Sannan a littafi ƙasar Oz wuri ne na gaske da yarinyar ta je ta dawo, a fim kuwa mafarki ne ta yi bayan ta bugu a ka.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1956, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta waɗanda ba su da alaƙa da juna a lokacin, amma suka haɗu suka tsara duk abin da ake jayayya a kansa yau.

Na farko ya faru ne shiru, ba tare da biki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka a wancan zamani tana ba marubuci shekara 28, ana iya sabunta ta na wasu 28, jimilla 56. Littafin da ya fito a 1900 wa'adinsa ya cika a 1956, ya zama mallakar kowa. Daga wannan shekara duk wanda ya ga dama zai iya buga shi, ya sauya shi, ya ɗauki Dorothy da abokan tafiyarta ya kai su inda yake so, ba tare da neman izini ko biyan sisi ba. Labarin ya koma kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ba wanda zai hana wata kaka ta ƙara mata gishiri yadda ta ga dama.

Na biyu ya faru ne a daren Asabar, 3 ga Nuwamba, lokacin da tashar CBS ta nuna fim ɗin 1939 a talabijin karo na farko, bayan ta biya dala 225,000. Bert Lahr, wanda ya fito a matsayin zaki, shi ne ya gabatar da shi tare da Liza Minnelli, 'yar Judy Garland, tana da shekara goma. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 45 suka kalla, adadin da ya wuce abin da sinima za ta iya tarawa a dare ɗaya nesa ba kusa ba. Abin mamaki a nan shi ne mafi yawan gidaje akwatin talabijin baƙi-da-fari suke da shi, don haka wurin da ya fi kowane shahara a fim ɗin, inda Dorothy ta buɗe ƙofa duniya ta rikiɗe ta zama mai kala, miliyoyin yara ba su gan shi yadda aka yi shi ba sai bayan shekaru. Duk da haka fim ɗin ya kama su. A Disamban 1959 aka sake nuna shi, wannan karon da yammacin Lahadi kafin yara su yi barci, kuma daga nan ya zama al'ada ta kusan kowace shekara har zuwa 1991.

Sai an tuna yadda kallo yake a wancan lokaci kafin a gane nauyin wannan al'ada. Babu kaset, babu intanet, tashoshin ƙasa baki ɗaya guda uku ne. Fim ɗin da ake nunawa sau ɗaya a shekara, iyali su taru a ɗaki ɗaya su kalle shi, ya fi kama da biki mai zagayowa fiye da nishaɗin dare ɗaya. Yaron da ya kalla a 1959 shi ne ya zaunar da 'ya'yansa gaban akwatin a 1979. A cikin shekara talatin, fim ɗin da ya sha wahalar mayar da jarinsa ya zama abin da Ba'amurke yake nufi idan ya ce Oz, littafin kuwa ya koma baya, har da yawa ba su san akwai wasu goma sha uku bayansa ba.

A nan ne labarin ya rabu biyu. Rubutun ya kuɓuce daga hannun masu shi a daidai shekarar da hoton ya soma shiga zukatan jama'a, shi kuwa hoton yana nan a kulle. Gyare-gyaren doka na 1976 da na 1998 sun tsawaita wa'adin tsofaffin finafinai zuwa shekara 95. Mallakar fim ɗin ta sauya hannu a 1986 da kuma 1996, amma ba ta taɓa sakin jiki ba, kuma a 2011 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa siffofin mutanen labarin kamar yadda suka fito a fim suna ƙarƙashin kariya, ko da asalinsu na littafi na kowa ne. Sakamakon shi ne mai shirya fim yana da labari kyauta wanda kowa ya san sunansa, abin da ba ƙaramar garaɓasa ba ce a sana'ar da talla kaɗai ke cinye miliyoyi, sai dai abin da masu kallo suke ɗokin gani ba ya cikin kyautar.

Kusan duk wani aikin Oz da aka yi bayan 1956 ana iya karanta shi a matsayin dabarar ratsa wannan tsaga. The Wiz, wasan daɓen da aka fara a dandalin Broadway na New York a 1975 da 'yan wasa baƙar fata zalla, ya ci lambobin yabon wasan daɓe na Tony guda bakwai, ya koma ga takalman azurfa, sannan fim ɗinsa na 1978 da Diana Ross da Michael Jackson ya kai labarin birnin New York. Return to Oz na 1985 ya bi wata hanyar. Daraktansa Walter Murch ya gina shi a kan littafi na biyu da na uku, ya riƙe duhu da ban tsoron da ke cikin rubutun Baum, har ya buɗe da kai Dorothy wurin likitan da zai yi mata maganin ƙwaƙwalwa da lantarki. An biya kuɗi domin a yi amfani da jajayen takalma, amma hakan bai isa ba, iyaye sun je neman waƙoƙin da suka saba sun tarar da abin da ya firgita 'ya'yansu. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 28, bai tara rabin haka a Amurka ba. A ganina wannan faɗuwa ta fi kowace nasara bayyana gaskiyar lamarin, domin fim ne da ya fi na 1939 biyayya ga marubucin, aka kuma hukunta shi kan rashin kama da abin da talabijin ta koya wa mutane.

Gregory Maguire ya fi kowa gane inda ƙofar take. A littafinsa na 1995 mai suna Wicked ya ɗauki mayyar da ba ta da suna, ya raɗa mata Elphaba daga haruffan farko na sunan Baum, ya ba ta tarihi, ya kuma mayar da koren fatarta, wanda gadon fim ne, ya zama tushen wariyar da ta sha tun tana yarinya. Ya rubuta labarin ne ga mutanen da suka riga suka haddace fim ɗin, yana dogaro da abin da ke cikin kansu ba tare da ya kwafo shi ba. Wasan daɓen da aka ciro daga littafin a 2003, wanda shi ne tushen fim ɗin 2024, yana nan ana yin sa har yau. Masu shirya Oz the Great and Powerful na 2013 kuwa sai da suka zaɓi wani launin kore dabam, suka kauce wa jajayen takalma gaba ɗaya, a Wicked ma takalman sun koma na azurfa, kuma a kashi na biyu Dorothy tana bayyana ba tare da an nuna fuskarta sosai ba.

Darajar ɓangaren da ke kulle ta fito fili a Disamban 2024, lokacin da aka yi gwanjon saiti ɗaya daga cikin jajayen takalman da Judy Garland ta sa, waɗanda aka sace daga wani gidan tarihi a jihar Minnesota a 2005 aka gano su a 2018. An sayar da su dala miliyan 28, kafin a ƙara kuɗin dillanci. Littafin da aka ciro labarin daga cikinsa kuwa ana sauke shi kyauta a intanet. Idan dokar ba ta sake sauyawa ba, wa'adin fim ɗin 1939 zai cika a ƙarshen 2034, kuma daga 1 ga Janairu, 2035, jajayen takalman da koriyar mayyar za su bi sahun littafin, shekara 79 bayan shi.