Karin Kumallon Kudancin Indiya

Karin kumallon Kudancin Indiya, wanda mutanen yankin ke kira tifin, abinci ne da aka gina a kan shinkafa da wake, kuma ana cin sa a jihohin Tamil Nadu da Karnataka da Kerala da Andhra Pradesh da Telangana. Ya sha bamban da na arewacin ƙasar, inda alkama ta fi rinjaye.

Ginshiƙinsa ƙullu ne. Ana jiƙa shinkafa da wani ɗan ƙaramin wake mai baƙar fata da ake kira urad, a niƙa su, a bar ƙullun ya kwana har ya tashi ya ɗan yi tsami, kamar dai yadda ake yi wa ƙullun waina. Idan aka turara shi a cikin faranti mai gurabe sai a sami idli, fari tas mai laushi. Idan kuwa aka shimfiɗa shi siriri a kan tanda mai faɗi da ɗan mai, sai ya zama dosa, wadda ta yi kama da sinasir sai dai ba ta kai shi kauri ba. Wadda aka naɗe da dankalin Turawa da albasa a ciki ita ce masala dosa. Akwai kuma vada, ƙosan urad mai huda a tsakiya.

Ba a cin waɗannan gaya. Ana haɗa su da sambar, miyar wake mai tsamiya da kayan lambu, wadda sau da yawa ake jefa wa ɗanyun 'ya'yan zogale, da kuma catni na niƙaƙƙiyar kwakwa. A ƙarshe a sha kofi mai madara, wanda ake shiƙawa tsakanin kofin ƙarfe da 'yar tasa har ya yi kumfa.

A lokacin Pongal, bikin girbi na Tamilawa da ke faɗowa tsakiyar Janairu ana kwana huɗu ana yi, ana dafa sabuwar shinkafa da madara a tukunyar ƙasa har ta tafasa ta zuba, domin ma'anar sunan ke nan, kuma suna ɗaukar zubar alamar yalwa. Mai zaƙin ana sa mata mazarƙwaila da man shanu, mai gishirin kuwa masoro da citta.

Ranar biki ko Lahadi iyalai kan fita gidajen abinci tun da sassafe, wasu wuraren a zuba musu a kan ganyen ayaba su ci da hannun dama. Yawancin waɗannan gidaje ba sa dafa nama, kuma da dama suna ɗauke da sunan Udupi, garin Karnataka da masu girkinsa suka bazu cikin Indiya. Daga cikin tsofaffinsu akwai Mavalli Tiffin Rooms (MTR) na birnin Bangalor, wanda aka buɗe a 1924, kuma shi ake dangantawa da ƙirƙiro idli na tsakin alkama sa'ad da shinkafa ta yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Biyu.