Wanda ba ya gani kuma ba ya ji: wane irin ƙwararre yake buƙata?

Shin dole sai mutum ya rasa gani da ji gaba ɗaya kafin a sa shi cikin wannan rukuni?

A'a. Yawancinsu suna da ɗan sauran gani ko ɗan sauran ji. Inda matsalar take shi ne makaho da kunne yake cike giɓin ido, kurma kuwa da ido yake cike giɓin kunne, to idan biyun suka raunana tare babu mai rufa wa wani asiri. Shi ya sa a 2004 Majalisar Tarayyar Turai ta amince cewa wannan nakasa ce mai zaman kanta. Rahoton da ƙungiyar masu wannan lalura ta duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum biyu cikin kowane dubu suna da mai tsananinta.

Me ke jawo ta?

Akwai wadda ake haihuwa da ita. Cutar rubella, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mai ƙaramin ciki tana iya taɓa idon jariri da kunnensa da zuciyarsa. Annobarta ta 1964 zuwa 1965 a Amurka ta bar jarirai kusan 20,000 da lahani. Akwai haihuwar bakwaini, akwai sanƙarau. Akwai kuma ciwon gado da ake kira Usher, inda za a haifi yaro da raunin ji, daga baya dundumi ya soma, gani ya riƙa tsukewa. Amma mafi yawa a yau tsofaffi ne da ido da kunne suka gaza tare.

Me zai hana a kai yaron makarantar makafi ko ta kurame kawai?

Malamin makafi da murya yake koyarwa, malamin kurame kuma da hannu yake magana daga gaban allo. Duka biyun sun wuce wannan yaro. Shi ƙofarsa taɓawa ce, kuma sai mutum ɗaya ya zauna da shi shi kaɗai. Haka malama Anne Sullivan ta yi da Helen Keller, wata yarinya 'yar Amurka da ba ta gani ba ta ji, daga 1887, tana rubuta mata haruffa a tafin hannu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ta ambaci waɗannan yara a sashe na 24, ta ce a koyar da su ta hanyar sadarwar da ta fi dacewa da kowane ɗaya.

To ƙwararren, mene ne aikinsa a zahiri?

Ga babban da ya riga ya san yare kafin lalurar ta same shi, yana buƙatar tafinta wanda kuma ɗan jagora ne. Kurman da ganinsa ya tafi zai ɗora hannunsa a kan na tafinta ya bi maganar hannu ta taɓawa. Wani kuma rubutun makafi mai ɗigo shida zai koya. Tafintan kirki ba ya tsayawa ga kalmomi kawai, zai gaya masa wa ya shigo, wa ya yi dariya, wa ya fita ransa a ɓace.

Ga yaron da aka haifa da ita kuwa, aikin ya fi nauyi, domin bai ma san abubuwa suna da suna ba. Ana farawa da alamu: a ba shi cokali ya riƙe kafin abinci, tawul kafin wanka, kullum a jere iri ɗaya har ya soma tsammanin abin da zai biyo baya. Duk mai zuwa wurinsa yana da shaidarsa, wataƙila zobe ko agogo, da zai bari ya shafa. Malami yakan sa hannunsa a ƙarƙashin na yaron, ba ya damƙe shi ta sama, don yaron ya janye in ya ga dama. Sai kuma jira. Amsa takan ɗauki lokaci, kuma nan ne da yawa ke gazawa, su yi wa yaro abin da ya kamata su yi tare da shi. A ganina mai saurin taimako ya fi mai jinkiri ɓarna a wannan aiki.

Idan akwai wasu nakasun a haɗe fa?

Hakan na yawan faruwa: farfaɗiya, shanyewar gaɓoɓi, wahalar haɗiya. Sai likitan ido, masanin ji, likitan gashin ƙashi da malami su haɗu a kan tsari ɗaya, su yi amfani da alamu iri ɗaya, in ba haka ba yaron zai rikice. Haɗarin da ya fi yawa shi ne a yanke hukuncin cewa yaron ba shi da basira, alhali ba a taɓa isar masa da saƙo ta hanyar da zai gane ba. Cizon hannu ko buga kai sau tari ciwo ne ko takaici da ya rasa hanyar fita, don haka a duba haƙori da kunne da ciki kafin a ce halinsa ne.

Iyaye kuma, ina gurbinsu?

Su ne suka san ma'anar kowane motsi nasa, kuma ƙwararre awanni kaɗan yake yi da shi. Ƙungiyar Sense ta Ingila, mai tallafa wa masu wannan lalura, ita ma iyaye mata na yaran rubella ne suka assasa ta a 1955. Ƙwararren da ya san aikinsa zai fara da tambayar uwa yadda ɗanta ke nuna yunwa ko ƙin abu, sannan ya koya wa dukan gidan alamun, har da ƙanne.