Kallon Tsuntsaye da Ƙwari a Gandun Daji

Kallon tsuntsaye da ƙwari shi ne zagaya gandun daji ko lambun shaƙatawa domin gane halittun da ke zaune a wurin, a rubuta abin da aka gani, ba tare da an kama su ko an kashe su ba. Masana sun san jinsunan tsuntsaye kusan 11,000, ƙwarin da aka riga aka sa wa suna kuwa sun kai kimanin miliyan ɗaya.

Sanin lokaci shi ne rabin aikin. Tsuntsaye sun fi kuka da kiwo da sassafe, saboda haka mai son ganinsu sai ya yi sammako. Yawancin ƙwari kuwa da ɗumin rana suke dogara, shi ya sa malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma ba sa yawaita a kan fure sai hantsi ya dubi ludayi. Wurin da ya fi albarka shi ne inda kurmi ya haɗu da fili, ko bakin tafki, domin a nan abinci da maɓoya suke kusa da juna.

Kayan aikin ba su da yawa: tabarau mai hangen nesa, littafin gane jinsuna da abin rubutu. Tabarau mai lamba 8x42 yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa kuma milimita 42 ne. Amma kunne ya kan riga ido. Tsuntsun da ganye ya rufe, kukansa ke tona shi, kuma gwani kan gane shi tun kafin ya ɗaga kai. Ƙa'ida mafi nauyi ita ce nisantar sheƙa, don uwar da aka firgita tana iya barin ƙwanta ya huce.

Abin da masu sha'awa ke rubutawa ya daɗe yana amfanar ilimi. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman ya kawo shawarar ƙirga tsuntsaye lokacin Kirsimeti a Amurka maimakon harbinsu, kuma har yau ana yi. Birtaniya ta fara ƙidayar malam-buɗe-littafi a 1976, inda masu sa kai ke bin hanya ɗaya kowane mako. Yanzu shafukan intanet masu tattara bayanan halittu, irin su eBird, wanda aka buɗe a 2002, da iNaturalist suna karɓar rahoto daga wayar hannu, kuma da irin waɗannan bayanan ake gano jinsin da ke raguwa.