Littattafan tarihin yaƙi

Littattafan tarihin yaƙi su ne rubuce-rubucen da ke bin diddigin gwabzawar rundunoni, rayuwar sojoji a fagen fama, da ayyukan jarunta da aka danganta wa mayaƙa. Wasunsu gwamnati ce ke sa a rubuta su, wasu tarihin bataliya ɗaya ne ko runduna ɗaya, wasu kuma labarin rayuwar janar ne ko na kurtu. Akwai kuma na manazarta, waɗanda ke tace waɗancan duka. Ƙarfin kowane littafi yana ga madogararsa, kuma kowace madogara tana da ɓangaren da ta saba karkata gare shi.

Asali

Thucydides, kwamandan birnin Atina na Girka wanda ya rubuta tarihin yaƙinta da Sparta, shi ake yawan ɗauka a matsayin wanda ya fara tantance shaidu. An kore shi daga garinsu a shekara ta 424 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shekaru 20 na gudun hijira suka ba shi damar jin ta bakin ɓangarorin biyu. Duk da haka ya faɗa da kansa cewa jawaban da ya sa a bakin shugabanni shi ya tsara su bisa abin da ya dace su faɗa. Julius Kaisar ya rubuta yaƙe-yaƙensa yana ambaton kansa kamar wani daban yake nufi, alhali littafin na neman suna ne a siyasar Rum. A wajen Musulmi fannin ya samu sunan magazi. Al-Waƙidi, wanda ya rasu a 207 bayan Hijira, ya damu da kwanan wata har yakan ziyarci wuraren da aka gwabza, amma yakan haɗa ruwayoyi da dama a ƙarƙashin isnadi guda, kuma malaman hadisi sun raunana shi, ko da yake masu tarihi ba su daina komawa gare shi ba. Ahmad bin Fartuwa, babban limamin Mai Idris Alauma na Barno, ya rubuta yaƙe-yaƙen sarkinsa a 1576 da 1578.

Madogara da inda kowace ke karkata

Ga yaƙe-yaƙen ƙarni na 20, ginshiƙin aiki shi ne kundin yau da kullum na rundunoni. A sojan Birtaniya kowace bataliya da ke bakin daga wajibi ne ta cika takarda mai gurbin wuri, rana, sa'a da taƙaitaccen bayani. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, a Landan, a ƙarƙashin lamba WO 95. Sai dai ranar da faɗa ya fi zafi ita ce ranar da kundin ya fi rauni: hafsan da ke rubutawa wataƙila an kashe shi, sai wani ya cike gurbin bayan kwanaki daga abin da ya ji. Saboda haka marubuci mai kula yakan fifita saƙonnin da aka aika ana cikin faɗa, masu ɗauke da sa'a da minti, a kan rahoton da aka tsara bayan ƙura ta lafa.

Tarihin da gwamnati ke ɗaukar nauyi yana da cikar bayani da babu kamarta. Na sojan ƙasan Amurka a kan Yaƙin Duniya na Biyu ya haura mujalladi 70. Amma yana da ladabi fiye da kima. James Edmonds, wanda ya jagoranci na Birtaniya a kan yaƙin 1914 zuwa 1918, yakan aika daftari ga hafsoshin da suka yi yaƙin su yi gyara, kuma ba kasafai mutum ke ƙara wa kansa laifi ba. Wani lokaci ma sirri ne ke ɗaure hannun marubuci. Har zuwa 1974 ba a bayyana cewa a Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya tana karanta saƙonnin Jamus na asiri a cibiyarta ta Bletchley Park ba, don haka littattafan da suka riga wannan shekara sukan yaba wa basirar janar a inda aka riga aka kawo masa labari.

Littattafan janar-janar sun fi kowane buƙatar taka-tsantsan. Bayan 1945 sojan Amurka ya sa tsofaffin hafsoshin Jamus, ƙarƙashin Franz Halder, su rubuta yadda yaƙinsu da Tarayyar Sobiyet ya gudana. Su da irin su Manstein da Guderian suka ɗora kowane kuskure a kan Hitler, suka kuma wanke rundunarsu daga kisan fararen hula. An daɗe ana karanta wannan a matsayin gaskiya kafin takardun rundunar kanta su ƙaryata shi.

Shi kuwa ƙaramin soja yana faɗin abin da babu shi a kundi, wato yunwa, tsoro da rashin barci, amma ganinsa bai wuce 'yan mitoci ba, kuma yakan rikita jerin abubuwa. William Siborne ya tara wasiƙu kusan 700 daga hafsoshin da suka halarci faɗan Waterloo, inda aka ci Napoleon da yaƙi a 1815, ya tarar sun saɓa wa juna a kan lokacin da abubuwa suka auku. Da irin waɗannan shaidu John Keegan ya yi aiki a littafinsa na 1976 a kan faɗace-faɗacen Agincourt, Waterloo da Somme, wanda ya juya hankalin fannin daga tantin janar zuwa sahun gaba.

Matsalar alƙaluma

A nan ne littattafai suka fi tuntuɓe. Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce Sarki Xerxes na Farisa ya shiga Girka da sojan ƙasa 1,700,000. Masanin Jamus Hans Delbrück ya gwada adadin da tsawon hanya: rundunar mutum 30,000 tana cin kusan kilomita 22 idan tana tafiya a jere, ba a sa kaya ba. A wannan lissafi sojan ƙasa kaɗai za su miƙe fiye da kilomita 1,200. Ana yin irin wannan gwaji da guzuri. Soja na buƙatar kusan kilo ɗaya da rabi na hatsi a rana, wato mutum 100,000 za su ci tan 150 kullum, ga doki da ke cin kusan kilo 9 na hatsi da ciyawa, ya sha ruwa wajen lita 30. Adadin da ƙasar ba za ta iya ciyarwa ba, ƙarin gishiri ne.

Zamani bai magance abin ba. Ran 15 ga Satumba 1940 Birtaniya ta sanar da harbo jiragen Jamus 185, takardun Jamus kuwa suka nuna kusan 60. Ba lalle ƙarya aka shirya ba: matuƙa uku na iya harbin jirgi ɗaya, kowa ya ga hayaƙi ya rubuta nasa. A faɗan Prokhorovka da ke Rasha, ran 12 ga Yuli 1943, an daɗe ana cewa Sobiyet ta lalata tankokin Jamus samfurin Tiger 70, alhali rundunar Jamus da ke wurin 15 kawai take da su masu aiki. Ƙa'idar aiki ita ce a ɗauki asarar kowane ɓangare daga takardunsa, ba daga iƙirarin abokin gaba ba. Ko a nan sai an duba me aka ƙidaya, domin tankar da aka janye aka gyara ba ta shiga jerin asarar dindindin. Haka mutane: a ranar farko ta faɗan Somme a Faransa, 1 ga Yuli 1916, Birtaniya ta yi asarar 57,470, amma matattu 19,240 ne, saura raunata ne da ɓatattu da kamammu. Littafin da ya ce an kashe 57,000 ya ninka adadin sau uku.

Kwanan wata ma yana yaudara. Faɗan Borodino, tsakanin Faransa da Rasha, 7 ga Satumba 1812 ne a littattafan Faransa, 26 ga Agusta a tsohuwar kalandar Rasha. Harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor a 1941, 7 ga Disamba ne a Hawaii, 8 a Japan.

Labaran jarunta

Yawancinsu daga takardun neman lambar yabo ake ɗauko su. Lambar Victoria Cross ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1856, a ƙa'ida tana buƙatar shawarar hafsa da shaidu uku. Ma'ana, wanda ya yi bajinta inda babu wanda ya tsira ya ba da labari ba ya shiga littafi, kuma takardar an rubuta ta ne don ta shawo kan manya. Lokaci ma yana da tasiri. An ba da lambobi 11 saboda kare sansanin Rorke's Drift a kudancin Afirka a Janairun 1879, inda sojojin Birtaniya kusan 150 suka tsaya wa Zulu dubu uku zuwa huɗu. Tsayuwar ta gaske ce, amma ta zo ne sa'o'i kaɗan bayan Zulu sun kashe fiye da mutum 1,300 na rundunar Birtaniya a Isandlwana, kuma gwamnati na neman labarin da zai rufe wancan.

Wani lokaci labarin ƙirƙira ne ɗungurungum. Jaridar sojan Sobiyet ta ba da labarin mayaƙa 28 na rundunar Panfilov da suka mutu gaba ɗaya suna tare tankokin Jamus kusa da Mosko a Nuwamban 1941. Binciken mai gabatar da ƙara na soja a 1948 ya gano cewa 'yan jarida suka tsara shi, wasu daga cikin "matattun" ma suna raye, amma aka rufe rahoton. Rundunar ta yi faɗa mai tsanani, sai dai ba haka aka yi shi ba. Kishiyar wannan ma tana aukuwa: S.L.A. Marshall ya rubuta a 1947 cewa sojan ƙasan Amurka da ke harba bindiga a faɗa ba su wuce kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ba, aka yi ta maimaitawa har 1988, lokacin da Roger Spiller ya nuna babu bayanan da suka goyi bayan adadin.

Ƙasa da taswira

Taswirar littafi mai kibiyoyi masu tsabta an zana ta ne bayan an san ƙarshen faɗa, kwamandan da ke wurin bai ga haka ba. Don haka ake taka filin da ƙafa, a auna me ake hangowa daga kowane tudu, a kuma tona ƙasa. A Little Bighorn, inda sojan Amurka ya gwabza da 'yan asalin ƙasar a 1876, bayan gobarar daji ta 1983, masu bincike sun bi kwanson harsasai har suka gane inda bindiga guda ta yi harbi daga wuri zuwa wuri. A Bosworth da ke Ingila, inda aka gwabza a 1485, dalmar igwa da aka tono a 2009 ta nuna cewa ainihin filin yana kusan kilomita 3 daga tudun da aka daɗe ana kai baƙi.