Filtar iska da salansar a-kori-kura: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, amma kullum sai wani mai a-kori-kura ya sake kawo su kamar yau aka fara. To ga su nan wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Idan na sa babbar hanyar shan iska, ƙarfin injina zai ƙaru?

Kaɗan. Wani lokaci ma babu. A motar da ba a taɓa mata komai ba, ɗan ƙarin da ake samu yana fitowa ne a can sama, lokacin da inji ke juyawa kusa da jan layi. Kai da ke ɗauke da kaya a baya ba a nan kake tuƙi ba.

Amma a jikin kwalin an rubuta lamba babba.

Mai sayarwa ne ya rubuta. Tambaye shi a wace mota aka gwada, a wane juyin inji, bonet a buɗe ko a rufe, kuma filtar da aka cire sabuwa ce ko wadda ƙura ta riga ta toshe. In ya kasa amsawa, ka ajiye masa kayansa.

Ni dai na ji motata ta fi gudu bayan na sa.

Ƙara ka ji, Malam. Kunne yana ruɗin ƙafa. In kana son gaskiya, nemi hanya ɗaya da babu cunkoso, ka tsaya a giya ɗaya, wani ya riƙe maka agogo, ku auna daga kilomita 60 zuwa 100 a awa kafin canji da bayansa. Abin da agogo ya faɗa shi ne magana.

Me ya sa ake ta maganar iska mai sanyi?

Saboda iska mai sanyi ta fi nauyi, wato a cikin lita ɗaya akwai iskar oksijin fiye da wadda ke cikin mai zafi. Duk sanyin digiri 10 na ma'aunin Salshiyos yana ƙara mata nauyi da wajen kashi 3 cikin 100. Injin fetur kuma yana neman iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai, don haka in iska ta ƙaru, man da zai iya ƙonawa ya ƙaru.

Abin da ke ba ni haushi a nan shi ne mutum ya cire akwatin kamfani, wanda ke zuƙo iska daga wajen ɗakin inji, ya ɗaura buɗaɗɗiyar filta tsirara kusa da lagireto, ya ce ya sa mai sanyi. Zafin inji kake shayar da shi. In dole sai ka canza, nemi mai rufaffen akwati da bakinsa ke kallon waje.

Filtar takarda ko wadda ake wankewa a shafa mata mai?

Ta takarda, in dai motar tana bin hanya mai ƙura. Aikin filta tare ƙura ne. Wadda ta fi barin iska ta wuce, galibi ta fi barin ƙananan ƙura su wuce, kuma ƙurar da ta shiga tana cin ringi da bangon silinda, a injin mai tarbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji) kuma tana cin fukafukan tarbon. Ba rana ɗaya za ka gani ba, sai inji ya fara shan baƙin mai.

Ta wankewa ba haramun ba ce. Masu yin ta irin su K&N sun daɗe a harkar, kuma tana yi wa wanda ke kula da ita aiki. Matsalar ita ce yawancinku kuna labta mata mai fiye da ƙima, man ya bi iska ya ɓata siririyar wayar sansar MAF mai auna iska, mota ta fara shaƙewa, sai a ɗora wa fulogi laifi.

Sinokel fa?

Ba ya ƙara ƙarfi. Ɗaga bakin shan iska yake yi sama, nesa da ruwa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda sai ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, inji ya tashi aiki nan take. In kana tsallake rafi, sa shi, a toshe kowace mahaɗa sosai. In ba ka tsallake ruwa, ado ne.

Ina jan tirela da kaya masu nauyi. Wane faɗin bututun salansa zan sa, inci 2.5 ko 3 ko 4?

Wannan ita ce tambayar da ba ni iya ba ta amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka lamba bai tambaye ka irin injinka ba, kada ka saurare shi.

Fara da wannan: injinka mai tarbo ne ko marar tarbo? Ɗauki Hilux misali. Akwai mai injin fetur 2TR-FE, lita 2.7, marar tarbo, akwai kuma mai dizal 1GD-FTV, lita 2.8, mai tarbo. Girmansu kusan ɗaya, amma abin da suke so a salansa ya bambanta.

A marar tarbo, hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowace silinda da nata. In bugu ɗaya ya fita da gudu, yana barin gurbi a bayansa, gurbin ya taimaka wajen zuƙo hayaƙin silinda mai biye. Bututu ya yi faɗi da yawa, gudun hayaƙin ya ragu, wannan taimako ya raunana, musamman a ƙananan juyi, wato daidai inda mai jan kaya ke neman ƙarfin ja. Daga nan ne aka samo maganar nan da ake yaɗawa wai inji yana buƙatar hayaƙi ya riƙa matso shi ta baya. Ba haka ba ne. Babu injin da ke son a toshe masa hanya. Gudun hayaƙi yake so, kuma gudu da toshewa ba abu ɗaya ba ne. Sai dai in faɗi gaskiya, wannan tasiri ya fi ƙarfi a manifol (inda hayaƙin silindoji ke haɗuwa) da bututun da ke kusa da inji, can baya bayan katalis (tukunyar da ke rage gubar hayaƙi) ba shi da yawa kamar yadda ake zuzutawa. Duk da haka, ƙaramin inji mai silinda huɗu ba shi da abin da zai cika inci 3 da shi.

Kuma mutane ba sa lura da lissafin. Daga inci 2.5 zuwa 3 rabin inci ne kawai a ido, amma faɗin ramin ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Bututu biyu masu inci 2.5 kuma kusan daidai suke da guda ɗaya mai inci 3.5. Shi ya sa nake cewa in za ka ƙara, kada ka wuce rabin inci a kan na kamfani, sai in an yi wa injin aiki babba a ciki.

A mai tarbo labarin ya sauya. Tarbo yana juyawa ne da bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa, don haka duk sauƙin da hayaƙi ya samu bayan ya wuce tarbo riba ce: yana iya saurin ɗauka, zafin hayaƙi kuma yana iya ɗan sauka a doguwar hawa. Na ce yana iya. A tsohuwar dizal da ba ta da DPF, wato filtar da ke tare baƙin hayaƙin dizal a cikin salansa, bambancin kan fito fili. A sabuwa kuwa, babban abin da ke riƙe hayaƙi shi ne DPF da katalis, don haka in ka canza bututun da ke bayansu kawai, ka canza wurin da dama ba shi ne matsalar ba. Sauti zai ɗan sauya, ƙarfi kusan yana nan yadda yake. Akwai kuma abin da ake mantawa: lokacin da DPF ke ƙona baƙin hayaƙin da ya tara, zafi yana kaiwa wajen digiri 600. Wasu motocin an yi wa bakin salansarsu ramuka na musamman don iska ta shiga ta rage wannan zafi. Ka cire shi ka sa bututu miƙaƙƙe, hayaƙin nan yana dukan gaban tirelarka ko busasshiyar ciyawa.

To me zan ce maka? In marar tarbo ne kuma jan kaya ne aikinka, bar faɗin kamfani ko ka ƙara kaɗan, ka mai da hankali a kan lanƙwasa: a samu wadda aka lanƙwasa ba tare da ramin ya tsuke a kwana ba. In tsohuwar dizal ce mai tarbo, inci 3 yakan dace da masu lita 2.5 zuwa 3, inci 4 kuma na manyan injuna ne masu lita 6 da wani abu. In sabuwa ce mai DPF, a ganina kuɗinka ya fi amfani a agogon auna zafin hayaƙi da na'urar sanyaya man giya. Wannan ra'ayina ne, kuma nauyin tirelarka da tsayin hawan da kake bi suna iya sauya shi.

In cire katalis ko DPF gaba ɗaya?

A'a. Hayaƙin da za ka saki mutanen da ke bayanka ne za su shaƙa, har da yara. Ƙasashe da yawa sun haramta: a Amurka dokar tsaftar iska ta hana, a Ingila kuma tun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara. In ya toshe, a nemo abin da ya toshe shi, ko injekta ce ke zubar da mai, ko gajerun tafiye-tafiye ne ba sa barin ya yi zafi.

Na sa salansa mai ƙara, yanzu wani gurnani yana damuna a cikin mota.

Na sha faɗa muku, sautin da ya yi daɗi na minti biyu a tsaye ba shi ne za ka zauna da shi awa biyar a hanya ba. Gurnanin yakan zo a wajen juyi 1,800 zuwa 2,200, daidai inda kake tafiyar dogon zango. Kada ka damu, yana gyaruwa. A mayar da ƙaramar tukunyar salansa ta tsakiya in an cire ta, ko a ƙara wata. A duba kuma ko bututun yana taɓa jikin mota a wani wuri.

Salansar ƙarfen sitenles mai lamba 304 ko 409?

304 ya fi jure tsatsa, ya fi tsada. 409 yana yin ja a sama amma yana daɗewa. Maganaɗisu yana kama 409 sosai, 304 kuwa da ƙyar. Tafi da shi aljihu.

Zan iya yanke bututun ya ƙare a ƙarƙashin bodi?

Kada ka kuskura. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Bakin salansa ya fito har waje, bayan taya ko can ƙarshen mota, balle in kana rufe bayan da rumfa ko kana ɗaukar mutane ko dabbobi.

Zai rage mini shan mai?

Kada ka sa rai. Yawancin masu sabuwar salansa ma ƙara taka totur suke yi don su ji ƙara.

Fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama bayan na gama haɗawa. Na lalata injin ne?

Kwantar da hankalinka, da wuya. Duba ko ka mayar da soket ɗin MAF, ko wani kilif bai ɗauru ba iska tana shiga ta bayan sansa, ko salansa tana yoyo kafin sansar oksijin. A sa na'ura a karanta lambar matsalar kafin a sayi komai. Amma in fitilar ƙiftawa take yi, ba tsayawa cak ba, kashe motar, kada ka ci gaba da tafiya.

Tsofaffin kayan da na cire fa, in sayar?

Ajiye su, har da kusoshi da robobin rataya. Ranar da za ka kai motar aikin garanti, ko gwajin hayaƙi, ko ka tashi sayar da ita, za ka neme su.